Yadda Gardamar Bangon Faifai Ta Raba Ni da Takalmina a Landan

Gardamar ta samo asali ne a wani shagon tsofaffin faya-fayai a Landan, inda ni da wani abokina Bazazzage muka tsaya muna duba hotunan bango, alhali babu mai kuɗin sayen ko ɗaya a cikinmu. Shi ya kafe a kan cewa a duk tarihin kiɗan rok babu bangon da ya kai na The Dark Side of the Moon, wanda Pink Floyd suka fitar a 1973: baƙin fili, da gilashi mai kusurwa uku, farin haske ya shiga ta gefe ɗaya ya fito da launuka shida. Ni kuwa na ce wannan ai zanen littafin kimiyya ne na ƴan aji uku, kuma gwanin bango shi ne Abbey Road na Beatles na 1969, inda mutum huɗu suke tsallaka titi a jere, ɗayansu, Paul McCartney, ba takalmi, ba a ma rubuta sunan kowa a gaba ba saboda isa.

Da yake Bakano ba ya yarda Bazazzage ya kayar da shi, sai na yi alƙawarin zan je in maimaita hoton da ƙafata. Abin da ban lissafa ba shi ne, Iain Macmillan, mai ɗaukar hoton bangon, ya ɗauki nasa ne a watan Agusta, yana kan tsani, ɗan sanda ya tsayar masa da motoci, ni kuwa na zaɓi tsakiyar Disamba, kuma ɗan sandana shi ne Bazazzagen nan.

Na duba taswira na ga tashar jirgi mai suna Abbey Road, na ja shi muka tafi cikin gadara. Muna sauka muka tarar da allo yana sanar da masu neman Beatles cewa sun ɓata hanya, domin wannan gabashin Landan ne, titin da ake nema kuwa yana St John's Wood. Abokina ya karanta allon da ƙarfi har sau biyu, sannan ya ce, “Malam, ashe an san da zuwanka.”

Kafin mu isa wurin na gaskiya ƙarfe huɗu ta wuce, duhu ya rufa. Duk da haka na tuɓe takalmi da safa, na taka kwalta mai sanyi kamar ƙanƙara, na yi taku uku cikin ƙasaita, sai wani direban tasi ya danna mini ham, na ƙarasa sauran da gudu ina salati.

Da na karɓi wayar da abokina ya ɗauke ni hoto da ita ina rawar sanyi, hoton baƙi ƙirin ne, babu ni babu alamata, sai wani siririn hasken fitilar mota da ya ratsa tsakiya ya tarwatse. Abokina ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce ya gode da na sha wannan wahala duka don in ɗauko masa bangon Pink Floyd.