Rai Talatin Bai Ishi Baffa Ba

Da hutun Babbar Sallah muka taru a babban gida, sai Abba ɗan yayana ya jona PlayStation 5 ɗinsa a falon Hajiya, ya miƙo mini hannun gem ɗaya wai mu buga ƙwallo. Gem ya ce akwai sabuntawa. Abba ya ce shi ba zai buga da tsofaffin 'yan wasa ba, sai an sauke. Aka haɗa na'urar da wayata, tunda ni ne babba kuma ni ke ɗaukar albashi. Kafin a kira la'asar datar wata guda ta tafi, ba mu ga ko ciyawar fili ba.

Da aka samu aka fara, gaskiya abin akwai kyau. Har gumin goshin ɗan wasa kana gani. Sai dai kallon gumin na tsaya yi yaro ya yi mini ruwan ƙwallaye. Ina neman inda ake buga ƙwallo, ɗan wasana yana ta rawa da ita shi kaɗai a tsakiyar fili. Na tambayi sunan gem ɗin, na ce ba FIFA ba ce? Ya ce ai tun 2023 ta koma EA Sports FC. Na ce to PES fa? Ya ce ita ma eFootball ce tun 2021. Ya kalle ni da tausayi.

Nan raina ya ɓaci, na buɗe baki. Na ce gem na gaskiya a zamaninmu aka yi shi. Super Mario Bros. da Nintendo ta fitar a 1985 duka nauyinsa bai wuce kilobayit 40 ba, hoto ɗaya na wayarsa ya ninka shi sau tari, amma ka danna ya tashi nan take, ba ruwansa da data. Na ba su labarin gidan gem na bayan layinmu, inda ake buga Winning Eleven a PlayStation ta farko, wanda aka ci shi ke biya, kowa ya ɗauki Brazil ya ciro Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin ƙafa. Na ce a gem ɗin harbi na Contra kuwa, a duk unguwarmu ba a haifi na biyuna ba.

Abba ya ce, "Baffa, irin gem ɗin nan da mutum yake kamar an gina shi da bulo?"

Yara suka kwashe da dariya. Na ce gani ya kori ji, ku jira ni gobe.

Washegari na shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan lantarki. Asalin Famicom, na'urar gem ɗin Nintendo ta 1983, kam ba a maganarta, amma 'yan kwaikwayonta suna nan, irin waɗanda muka taso da su: hannu biyu, bindigar roba, da kaset mai ruwan ɗorawa an rubuta masa gem 999,999 a ciki. Duk wanda ya rayu a wancan zamanin ya san lissafin. Gem ɗin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sauran duk su ne aka sake wa suna, a wani a yi wa Mario launin kore a ce sabo ne.

Na dawo gida ana ta yi mini rakiya. Na soka kaset, allo ya kawo zane-zane. Na zare, na hura masa iska a gindi, fuu, fuu, na mayar. Ya tashi. Wannan kaɗai ya sa falon ya yi tsit, ƙaramar cikinsu ta tambayi uwarta ko tofi Baffa ya yi.

Na fara da harbin agwagi, Duck Hunt, don in nuna saiti. Na gyara tsayuwa, na kanne ido ɗaya, na harba. Agwagwa ta wuce. Na matsa kusa, na harba, ta wuce. Na manna bakin bindiga a jikin allo, ta wuce abinta tana kaɗa fiffike. Kuma kowane karo sai karen gem ɗin ya leƙo daga cikin ciyawa yana ƙyaƙyata mini dariya, kafaɗunsa na rawa. Yara suka koma bayan kare. Abba ne ya duba a waya ya gano dalili: bindigar hasken allo take karantawa, a daidai ƙiftawar da gem ke baƙanta allo ya bar farin tabo a wurin agwagwa, kuma da tsohuwar talabijin mai ƙeya aka tsara lokacin. Siririyar talabijin ta zamani tana ɗan jinkirta hoto, don haka ko ka kwana kana harbi ba za ka samu ko gashi ba.

Aka shiga sito aka jajibo tsohuwar talabijin ɗin marigayi Alhaji, aka kakkaɓe ƙura, aka jona wayar rawaya da fara. Bindiga ta fara ci. Hajiya da ke gefe tana jan carbi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wai agwagin nan da kuke kakkaɓowa, wa ke yanka su? Mushe karen nan yake ta kwaso muku."

Sai aka zo kan Contra. Nan na miƙe zaune. Tun kafin a fara, yatsana ya tuna karatunsa: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Rai uku ya koma talatin. Sirrin kamfanin Konami ke nan, wanda a da sai ka saya wa babban yaro rake kafin ya koya maka. Abba ya ɗauki hannu na biyu yana murmushi, ya ce maɓalli biyu kacal? Harsashi ɗaya ya taɓa shi ya faɗi. Ya tashi, ya faɗi. Ya ce ina layin lafiya? Na ce babu. Ya ce ina ake ajiye inda aka tsaya? Na ce yaro, nan ba a ajiya, in aka ɗauke wuta ka koma farko, ka yi haƙuri da ƙaddara.

A nan nake ganin tsofaffin suka fi. Na zamani lallaɓa ka suke yi, kibiya na nuna maka hanya, ka mutu a dawo da kai inda ka faɗi. Contra ba ta san ɗan kowa ba.

Ashe ni ma ba ta san ni ba. Kaina ya san harsashi na zuwa, babban yatsa sai ya gama shawara. Shi kuwa yaron nan da ya saba da hannu mai maɓalli goma sha wani abu, kafin mu fita daga dajin farko ya gane kan abin. Ya riƙa riga ni ɗauke bindigar S mai watsa wuta. A mataki na uku, inda ake hawan dutse a gefen ruwa, ya dinga tsalle sama ba ya waiwaye, allo na bin sa, ni kuma ina zubewa ƙasa. Talatin ɗina suka ƙare tas. Amma akwai abin da bai sani ba: wanda ya mutu yana iya danna maɓalli ya ari rai daga na abokinsa. Na ara. Na sake ara. Can ya lura nasa na raguwa alhali bai mutu ba.

"Hajiya! Baffa yana sace mini rai!"

Hajiya ta ce, "Subhanallahi! Kai da girmanka? Mayar masa da abinsa."

Daren nan ba wanda ya sake kunna PlayStation. Abba ya kalli YouTube ya ga akwai masu gama Mario gaba ɗaya cikin ƙasa da minti biyar, ya kuma ga hanyar ɓoye ta saman rufi a mataki na 1-2 da ke tsallakar da mutum zuwa duniya ta huɗu, abin da mu sai da muka shekara muna ji a matsayin jita-jita.

Bayan sati na koma ɗaukar kayana. Tun daga ƙofa na ga takalma jibge. An fito da mai ƙeya zaure, yaran layi sun yi sahu a kan tabarma, Abba na zaune da gwangwanin madara yana karɓar naira hamsin-hamsin. Na ce ya tattara mini na'urata. Ya ce sai dai in yi magana da Hajiya, don tana da kaso a ciki, na kuɗin wuta. Na ce to a ba ni hannu in buga ɗaya.

Ya ce, "Baffa, akwai mutum shida a gabanka. Kuma ba ma ba da bashi."