Sanyin ikilisiya daga gidajenmu yake tasowa

'Yan'uwana matasa cikin Ubangiji, salama a gare ku. Akwai ƙorafin da ya zama ruwan dare a bakinmu: wai ikilisiya ta yi sanyi, sujada ba armashi, dattawa sun danne komai. Da an zauna taron matasa aka nemi shawarar gyara, maganar ba ta wuce a sayi sababbin kayan kiɗa, a ƙara lasifika, a gayyato babban mai wa'azi daga birni a yi taron farkawa. A yi rawa, a yi gumi, a zuba hotuna a Facebook. Gari na wayewa kowa ya koma gidan da ba a buɗe Littafi Mai Tsarki sai ran Lahadi. Ni a ganina sanyin nan a gida muke kwaso shi mu kai majami'a.

Ku tuna yadda bishara ta shigo ƙasar nan. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa. Ba a daɗe ba biyun farko suka mutu, Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 aka samu kafa tashar mishan a Patigi, kuma daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A Garkida, ƙarƙashin itacen tsamiya aka yi sujadar farko a 1923, ita ce tushen EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Abin da ya buɗe zukatan mutane a lokacin shi ne aji na koyon karatu da ɗakin shan magani. A Vom da Wusasa, har Galmi ta Nijar, an ga masu bi suna wanke gyambon da dangin mai shi ma ke ƙyama. Sannan kada a ɗauka Turawa ne suka yi aikin duka. Kakanninmu ne, manoma masu bishara, suka bi ƙauyuka da ƙafa da keke, sau da yawa ladansu hatsin da 'yan ikilisiya suka tara ne kawai.

Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, bayan wahalar shekaru da su Dokta Miller na Zariya suka sha tare da 'yan ƙasa. Da shi iyayenmu da yawa suka koyi haɗa baƙi. Yau fa? Mun gudu sujadar Turanci, mun bar tsofaffi su kaɗai a ta Hausa, har wani yakan ji kunyar a gan shi riƙe da Littafin Waƙoƙi. Ba na faɗa da Turanci, ni ma ina zuwa. Amma ku dubi abin da ya haifar: kaka tana addu'a da harshen da jikanta ba ya iya karantawa, jika yana waƙa da harshen da kakar ba ta ji. Gida ɗaya, bangaskiya ɗaya, amma ba su taɓa durƙusawa tare ba.

Ku da kuka yi aure, da ku nake musamman. Musa ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganar Allah suna zaune a gida, suna tafe a hanya, da kwanciyarsu da tashinsu. Iyaye aka ɗora wa nauyin, malamin makarantar Lahadi mai taimako ne. Awa guda yake samu da yaronka a mako, wayarka kuwa tana hannun yaron kullum. Bayan tuwon dare, a kashe talabijin, a kife wayoyi, har da ta maigida, don shi ne yakan fara saɓawa. A karanta 'yan ayoyi, a bar ƙaramin ya karanta ko da yana in'ina, a yi waƙa ɗaya, a tambayi kowa damuwarsa a yi addu'a a kai. Ranar da maigida da uwargida suka yi cacar baki, a ranar ce zaman ya fi wuya, kuma a ranar ce yara za su gane ko gafarar da ake wa'azinta gaskiya ce. Bulus bai sassauta wa Timoti ba a kan wannan: wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiya. Shugaban mawaƙan da ke kwana a majami'a wajen gwaji, matarsa tana bin maƙwabta rancen garin tuwo, ya sake tunani.

Sai maƙwabci. Masu shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa sun san fita gida gida tun shekarun 1960. Mu kuwa bisharar tamu ta koma musu da zage-zage a ƙarƙashin rubutun mutane a intanet. Maƙwabcinka Musulmi ba zai karanta dogon rubutunka ba, amma ya san ko ka je masa gaisuwar rasuwa, ya san ko kana biyan bashi, ya san ko mudunka cikakke ne a kasuwa.

A nan dole a yaba wa Zumuntar Mata. Su ne har yanzu ke zuwa barka da ta'aziyya, su ne ke kai kunu asibiti. Tun rikicin da ya tarwatsa ikilisiyoyin Borno da Adamawa, musamman a 2014, garuruwanmu sun cika da gwauraye da marayu da waɗanda suka baro gonakinsu. Wasunsu a bencin baya suke zama, ba mu ma san sunansu ba. Ran Lahadin nan, shugabannin matasa su sami uwar zumunta su karɓi sunayen gidajen, a raba biyu biyu. Wata rufin ɗakinta ke yoyo ga damina tafe, wata kuɗin jarrabawar ɗanta ya gagare ta, wani tsoho kuma idonsa ya mutu, mai karanta masa Zabura yake nema.