An kai 'yata ta ga gawar barewa, kuma ban ga laifi ba

Makon jiya makarantar su 'yata a nan Sikotlan ta kwashe su zuwa wani gandu a kan tsaunuka, irin manyan gandayen nan da ake kiwo, ake dashen itatuwa, ake kuma farauta a cikinsu. Maharbin gandun ya ba su madubin hangen nesa suka ƙirga bareyi a gefen dutse, ya shiga da su ɗakin sanyi inda ake rataye nama, ya ɗauko muƙamuƙi ya nuna musu yadda ake gane shekarun dabba daga haƙoranta. Da yamma suka ci gasasshen naman. Kafin dare wasu iyaye sun ta da jijiyar wuya a WhatsApp, wai an tsorata musu yara.

Ni dai dariya ta kama ni. Yarinyar da take riƙe wa kawunta ƙafar rago ranar layya a Zariya, ita ce gawar barewa za ta firgita?

Amma ba wannan ce hujjata ba. Barewar nan ba irin tamu ba ce, jibgegiya ce, namijin da ƙaho mai rassa. An ƙiyasta yawan bareyi iri-iri a Sikotlan ya kusa miliyan 1, kuma babu naman dajin da ke cinsu, don an ƙarar da kyarketai tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Duk tsiron da ya leƙo sai su kalmashe shi, shi ya sa za ka ga dutse fayau sai 'yan tsoffin bishiyoyi da ba su da magada. In hunturu ya yi tsanani, yunwa ce ke kashe su a hankali. Ga kaska, ga haɗari a kan titi.

A gandun Mar Lodge, wanda ƙungiyar National Trust for Scotland ta karɓa a 1995, da aka rage bareyi sosai, daji ya fara dawowa da kansa. Haka aka gani a gandun Glenfeshie. Yaron da ya tsaya ya kalli cikin shingen da ke hana bareyi shiga kore shar, wajensa kuma ƙarƙaf, ya gama fahimtar abin da allo ba zai koya masa a wata guda ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ba a faɗa musu ba. Na tambayi 'yata ko an gaya musu dalilin da bareyin suka yi wannan yawa, ta ce a'a. To, gandaye da dama sun daɗe suna son garke ya cika, saboda attajirai na biyan kuɗi mai tsoka su harbi namiji mai manyan ƙahoni, kuma darajar gandu na tashi da yawan irin waɗannan mazan. Alhali rage garke sai an harbi mata, aikin sanyi da wahala da ake yi daga 21 ga Oktoba zuwa 15 ga Fabrairu, wanda ba kowa ke ɗokinsa ba. Mai gandu ba zai tona wa kansa asiri a gaban yara ba, malamai ne ya kamata su kawo wannan ɓangaren, su ma gayyato masu dashen daji a ji bakinsu.

Na rubuta wa malamar ajinsu haka. Na kuma sa hannu a takardar tafiyar baɗi, ƙanenta ma zai je.