Shekara goma sha ɗaya ina biyan kuɗin ƙungiya, ranar da na je da kuka aka ce in koma ƙauye

Ranar Litinin da ta wuce na iso shago wajen ƙarfe bakwai na safe, na tarar da kwaɗo biyu a ƙofa, nawa da wani sabo fil da ban san shi ba. An manna takarda a jikin ƙofar wai ban biya harajin shago na bana ba. Wallahi na biya. Tun watan Fabrairu na biya, kuma rasit ɗin yana cikin durowar teburina, a cikin shagon da aka kulle. Mai shayin da ke gefena ya ce tun bayan asuba wasu samari uku suka zo a kan babur, suka kulle shaguna huɗu a layinmu suka wuce, ba su tambayi kowa komai ba. Ga mai kawo mini burodi tsaye da kwandonsa, ga yaran unguwa an aiko su sayen sukari da madara, suna zuwa suna juyawa. Duk ɗan tireda ya san cinikin safe shi ne cinikin yini.

Ban tsaya neman samarin ba. Na ce ai ina da ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ba da kuɗin mako duk Jumma'a, tun yana naira ɗari har ya kai ɗari biyar. Na biya kuɗin kati, na biya kuɗin maigadi, na biya kuɗin shara, na biya gudummawar taron da ko sau ɗaya ba a gayyace ni ba. Duk don irin wannan rana na biya. Na tari ɗan kabu-kabu na nufi ofishin.

Na yi sallama, sakatare yana zaune yana waya. Bai amsa ba. Na sake yi, ya ɗaga mini hannu alamar in dakata, idonsa na kallon bango. Akwai kujerun roba biyu a gabansa babu kowa a kai, bai ce in zauna ba. Yaron nan na girme shi da shekara goma ko fi. Na san mahaifinsa, mun yi sahu ɗaya a masallaci. Na tsaya kusan minti ashirin ina jin yana ciniki a kan wani fili. Da ya gama sai ya ajiye wayar, ya kurɓi shayinsa, sannan ya dube ni ya ce, "Mi ya faru?"

Babu ina kwana, babu ya iyali, babu ko Malam.

Na ce, "Malam Sakatare, an kulle mini shago a kan kuɗin da na riga na biya. Don Allah ku taimaka wani ya raka ni, a buɗe in ɗauko rasit in nuna musu."

Ya ce, "Ina katinka?"

Na ciro na miƙa masa. Ya juya shi gaba da baya kamar bai taɓa ganina ba, alhali da hannunsa ya sa mini hannu a katin. Ya jawo wani littafi mai baƙin bango, ya lashi yatsa, ya shiga buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ni kuwa ina jin rana na ɗagawa a kan kayana. Can ya tsaya ya ce, "Ana bin ka sati biyu."

Na ce masa gaskiya ne, sati biyun nan ina asibiti da ƙaramar 'yata, ƙanena ne ya riƙe shagon, kuma yanzu zan biya. Na ciro dubu ɗaya na ajiye. Ya zura a aljihun rigarsa, bai rubuta ba, bai ba ni rasit ba. Na zaci yanzu za a tashi. Sai ya ce, "To, wa yac ce ka biya su ba ka hwaɗa muna ba? Ku ke nan, sai ruwa ya ci ku kuke tuna akwai ƙungiya. In kana so wani ya bi ka, kawo dubu ukku na mai."

Ina buɗe baki in amsa, sai ga wani Alhaji ya shigo, ɗaya daga cikin manyan dilolin da muke sari a wurinsu. Da idona na ga sakataren nan ya miƙe zumbur, ya goge kujera da hular kansa, yana "Ranka ya daɗe, barka da zuwa, ya gajiya, a kawo ruwa mai sanyi." Kujerar da aka hana ni ita aka goge. Ba na baƙin ciki da girmama Alhaji, dattijo ne, kuma bai yi mini komai ba. Amma ni ma ɗan ƙungiyar ne, kuma in za a ƙirga, kuɗinmu mu ƙanana ne ke biyan hayar ofishin nan, domin mu ne da yawa.

Na ce, "Malam, ni fa har yanzu shagona a kulle yake." Ya juyo, a gaban Alhaji da yaran da ke bakin ƙofa, ya ce, "Kai don Allah ka dame mu. In ba ka iya kasuwanci, ka koma ƙauyenku ka yi noma."

Wannan maganar ce ta hana ni barci kwana biyu. Ya san daga ina na fito. Ya san mu mutanen gabashin Sakkwato ne, wajen Sabon Birni, inda gona ta gagari mai ita, inda sai mutum ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Yanzu haka mutum goma sha huɗu ne ke ci daga shagon nan, shida daga cikinsu 'yan'uwana ne da suka gudo da kayan jikinsu suka sauka a gidana a Mabera. Wace gonar zan koma? Wanda bai taɓa tsayuwa tun safe har goman dare yana ƙulla sukarin naira hamsin a leda ba, shi ne zai koya mini kasuwanci?

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba kyauta na je nema ba, haƙƙina na je nema. Me ake kafa ƙungiyar 'yan kasuwa dominsa? Ai don ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da murya shi kaɗai. Lokacin da nake yaron shago, dattawan kasuwa ne ke tsayawa. In an yi rikici tsakanin mai kaya da dillali, su raba. In bashi ya karya wani, su zauna da masu bin sa a yi masa sassauci. In mutum ya rasu, su ƙirga kayansa su miƙa wa magada ba tare da allura ta ɓata ba. Ba su da ofis, ba su da hatimi, amma in sun yi magana an gama. Yau muna da ciyaman, da mataimaki, da sakatare, da ma'aji, da kalanda mai hotunansu a bangon kowane shago, amma shekara nawa rabon da a tara mu a karanta mana abin da ya shiga da abin da ya fita?

Abin da muke roƙo ba gagara ba ne. Mu talatin ko arba'in a haɗa kuɗinmu a ɗauki mota guda a saro kaya daga kasuwar Singa a Kano, kowa ya samu sauƙin kuɗin mota, maimakon kowa ya je ya durƙusa gaban dila ya karɓa a farashin da aka yanka masa. Na kawo wannan shawara sau uku, kullum sai a ce za a duba. Ba za a duba ba, domin masu zama a kujerun gaba su ne dilolin da za su rasa ciniki. A zauna da hukuma a ce ga haraji ɗaya, ga lokacinsa, ga wanda zai karɓa. Yanzu na ƙaramar hukuma ya zo, na jiha ya zo, mai duba tsafta ya zo, mai kuɗin allon suna ya zo, kowa da kalar takardarsa, wani ma ba ka san ko na gaske ba ne. A ajiye asusu don ranar gobara ko ɓarayi. Duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ya san dukiyar shekara talatin na iya zama toka kafin azahar. Na san mutanen da har yau ba su miƙe ba, wani da yake da shago biyu yanzu yana talla a baro. Bayan wannan gobarar na ce a saya mana ko tukunyar kashe wuta biyu a layinmu. Har yau babu.

Amma in na tsaya a kan sakatare kaɗai na yi masa rashin adalci, domin shi ɗan ƙaramin hoto ne na yadda ake riƙe da mu gaba ɗaya. Gwamnati ba ta san ɗan tireda ba sai ranar karɓa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki, hanyar Illela da Ƙwanni ta mutu sama da shekara, mu da rabin cinikin garinmu da mutanen Nijar ne. Ba mu gama numfashi ba aka ƙara harajin kaya daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, ga korona. A 2021 aka shiga kasuwar Goronyo ranar da take ci aka kashe mutane da dama, kuma tun daga nan ƙananan 'yan kasuwar ƙauye da ke zuwa su sara a wurinmu suka ragu, wasu tsoro, wasu jarin ya tafi wajen fansar 'yan'uwa. Farkon 2023 aka canza kuɗi, takardar naira ta ɓace, ina tsaye da kaya mai saye na tsaye da yunwa, tiransifa ta ƙi tafiya. A wannan lokacin sau biyu aka cuce ni da alat na bogi. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce dubu. Wata biyu bayan haka sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka sake datse iyaka. Ana wata ga wata. A duk waɗannan, wa ya taɓa kiran masu ƙananan shaguna ya tambaye su yadda abin zai taɓa su? Su kuwa shugabanninmu, in ka gan su a gidan gwamnati, ziyarar mubaya'a suka kai.

Kayan da nake sarowa da dubu ɗari biyar shekara uku da suka wuce ya cika mini kanta har sama. Yau kuɗin nan rabin kanta ba ya cikawa, sai in jera kwalaye marasa komai a sama don kada shagon ya yi kama da na wanda ya karye. Ka sayar da katan ɗin taliya yau, gobe ka koma sari ka tarar kuɗin da ka sayar, har da ribar, ba zai sayo maka wani ba. Wuta kuwa ba a magana. A zafin Afrilu na Sakkwato, firiza na nan kamar akwati, sai na sayi ƙanƙara kafin in sayar da ruwan sanyi, amma takardar kuɗin wuta ba ta taɓa makara ba.

Sannan jama'a su juyo kanmu. A rediyo a ce 'yan kasuwa ba su da tausayi, a majalisa a ce mu ne masu ɓoye kaya. Ina zan ɓoye? A shagon da in na miƙe hannu biyu nake taɓa bango da bango? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai kamfani ba ku gan shi ba, dila ba ku gan shi ba, masu tare mota a hanyar Gusau suna karɓar na goro a kowane shinge ba ku gan su ba, ni kuke gani, don haka ni za a zaga. Ku zo ku duba littafin bashina. Malaman makaranta ne, da zawarawa, da ma'aikatan da albashinsu ke ƙarewa ranar goma ga wata. Ni ne nake ba su gero da man gyaɗa har wata ya mutu, ba banki ba, ba gwamnati ba. Wasu ma da suka fi kowa zagin 'yan kasuwa, sunansu na shafi na uku.

Ranar dai sai bayan la'asar aka buɗe mini. Ni kaɗai na bi sawun samarin har na same su a gindin wata bishiya, na roƙe su, suka karɓi dubu biyar wai kuɗin cire kwaɗo, ba takarda. Da na ɗauko rasit na nuna, babbansu ya duba ya ce kuskure ne aka samu, ya hau babur. Burodin ranar ya tafi wani shago, ƙanƙarar da na biya tun dare ta zama ruwa.

Jumma'a mai zuwa yaron ƙungiya zai zagayo da littafinsa kamar kullum. Na riga na yi magana da mutum tara a layinmu, har da ukun da aka kulle tare da ni. Babu wanda zai ba da ko sisi sai an kira taro, an kawo littafin nan mai baƙin bango, an karanta mana lissafin shekara goma sha ɗaya a gaban kowa, kuma sakatare ya nuna mini shafin da ya rubuta dubu ɗayata.