Mai tsira allura, kada ka ari bakin mai amsa-kuwwa

Jama'a, maganata yau da matasanmu ce da suka koyo jinyar tsira allura irin ta Sinawa, wato soka siraran allurai a wasu wurare na jiki ba tare da ɗura magani ba, suke neman kama shago su fara karɓar marasa lafiya. Ina son sana'ar nan ta zauna da gindinta a garuruwanmu. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga wani a Facebook ko TikTok yana jero ciwon suga, hawan jini, rashin haihuwa, har da ciwon daji, wai duk allura za ta raba ka da su. Wannan ai tallan mai mota da amsa-kuwwa ne a bakin kasuwa.

Inda allurar ta fi samun hujja shi ne rage raɗaɗi. A Ingila, hukumar NICE mai tsara wa likitoci ƙa'idojin jinya ta amince a 2021 a gwada ta ga mai ciwon jiki da ya daɗe ba a gano musabbabinsa ba, amma a 2016 ta ƙi amincewa da ita a kan ciwon ƙugu. A Amurka kuwa, inshorar tsofaffi ta Medicare ta fara biyan kuɗinta a 2020, kuma don ciwon ƙugu mai daɗewa kaɗai. Ka ga ko manyan ma ba su gama daidaitawa ba, balle kai da ka buɗe jiya ka yi rantsuwa da warkar da kowace cuta. Kuma masu ciwon wuya, gwiwa, ƙugu da ciwon kai ba kaɗan ba ne: tela da ya wuni a kan keke, direban tirela, ɗan adaidaita, uwar da ke fama da daka da goyo. Sun ishe ka.

Kafin ka buga allo, gyara takardunka. A Najeriya hukumar MDCN mai rajistar likitoci ita ke sa ido kan irin wannan jinya, rajistar sunan kasuwanci kuma tana wurin CAC. Kwas ɗin sati biyu a intanet bai kai ka taɓa jikin mutum ba, domin allurar da ta nutse fiye da kima a ƙirji ko saman kafaɗa tana iya huda huhu.

Babban tallanka shi ne abin da majinyaci zai gani da idonsa. Ka wanke hannu a gabansa, ka yage ledar sabuwar allura yana kallo, in an gama ka ƙirga su ka zuba a kwalin zubar da allurai. Mun san yadda ciwon hanta ya yi mana katutu, mun kuma ga yadda aka sha fama kafin wanzamai da masu ƙaho su rungumi sabuwar reza ga kowane mutum. Wanda ya ga tsabtarka, shi zai ba da labarinka a majalisa da gidan biki. Ka sa labule, ka samo mace ƙwararriya ta riƙa duba mata, don da yawa ba za su buɗe bayansu ga namiji ba, kuma suna da gaskiya. Hoton majinyaci kuma kada ya hau shafinka sai da yardarsa.

Ka je ka gabatar da kanka ga likitocin unguwa da masu gashin ƙashi. Ranar da suka ga kana turo musu wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi, rama ko mutuwar ƙafa, su ma za su fara turo maka. Don Allah kada ka ce wa kowa ya ajiye maganin hawan jininsa ko na suga.

Batun kuɗi, ka faɗa tun zuwan farko cewa ba zama ɗaya ake yi ba, ga adadin zuwan da kake hasashe, ga kuɗin kowanne. Ku tsayar da ranar da za ku zauna ku duba ko an samu sauƙi. In ba a samu ba, ka ce masa: “Baba, wannan ba ta karɓe ka ba, ga takarda ka koma asibiti a sake bincikawa.”