Hular sanyi: abin da hannu ya saƙa, kada baki ya warware

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana mata, da mazan da za su daure su karanta har ƙarshe.

Hunturu ya sako kai. Hazo ya lulluɓe Dala da Goron Dutse, leɓe ya fara tsagewa, kaushi ya fito, sahun asuba ya ragu. Ƙurar nan da muke shaƙa tafiyayyiya ce, mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, iska ta kwaso ta ta ratsa ta kanmu har bakin teku. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi a Kano yakan sauko wajen digiri 13 da dare, wani daren ma ƙasa da haka. Mutanen ƙasashen ƙanƙara za su yi mana dariya, amma su gidajensu don sanyi aka gina. Namu don zafi aka gina su, kuma akwai bayin Allah da yawa a garin nan da ko ɗakin ma ba su da shi.

A irin wannan lokaci ne kwarashi da ulu suke fitowa daga ƙasan akwati. Wannan tana yi wa jariri hula da safa, waccan tana yi wa maigida, wata kuma jikoki ne suka yi mata layi. Ina so mu daina ɗaukar wannan aiki a matsayin abin kashe lokaci kawai. Allah Maɗaukaki ya ambaci ɗumi a cikin ni'imominsa. A Suratun Nahli, aya ta 5, ya ce ya halitta mana dabbobin ni'ima, a cikinsu akwai abin jin ɗumi da wasu amfanoni. A aya ta 80 kuma ya ambaci sufin tumaki da gashin raƙuma da na awaki, waɗanda ake yin kayan ɗaki da abin amfani da su zuwa wani lokaci. Abin da Ubangiji ya lissafa cikin ni'ima, hannun da ya isar da shi kan bawan Allah ba aikin banza yake yi ba.

Imamu Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa wata mata ta zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da mayafi saƙaƙƙe, har da adon gefensa. Ta ce: na saƙa shi ne da hannuna, na zo in tufatar da kai. Ya karɓa yana mai bukatarsa, ya fito wa sahabbai yana ɗaure da shi. Wani mutum ya gani ya yaba kyansa, ya ce a ba shi. Manzon Allah ya amsa, ya koma gida ya naɗe shi ya aika masa. Sahabbai suka ce wa mutumin bai kyauta ba, ya san Annabi yana bukatarsa kuma ba ya mayar da mai roƙo. Sai ya ce wallahi ba don ya sa ya roƙa ba, so yake ya zama likkafaninsa. Sahlu ya ce kuwa shi ne ya zama likkafaninsa.

Ki dubi matar nan da kyau. Hadisin bai faɗi sunanta ba. Ta zauna ta yi kwanaki a kan saƙa, ta kai wa fiyayyen halitta, bai jima a jikinsa ba ya koma hannun wani. Da wata ce cikinmu, me za a ji? "Ni fa ba don wane na yi ba." Amma ladanta ya riga ya shiga littafi tun lokacin da ta miƙa, kuma ga mu yau, bayan shekara fiye da 1400, muna ambaton aikin hannunta. Saboda haka idan kin saƙa wa ƙanwar mijinki hula, kika wayi gari kika gan ta a kan ɗan maƙwabciyarta, ki yi shiru ki gode wa Allah. Kyauta in ta bar hannunki ta daina zama taki.

Wa za a fara yi wa? Shari'a ba ta bar mu a duhu ba. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah ya ce wa wani mutum ya fara da kansa, in wani abu ya ragu sai iyalinsa, in ya ragu sai danginsa, sannan a miƙa ta nan da ta can. To uwar gida, ke ce kike fitowa tsakar gida kafin kowa ya motsa, ke ce mai hura wuta da ɗora ruwan wanka. Ki yi wa kanki hula, ba son kai ba ne. Mun iya sadaukarwa har mu kwanta da mura, gidan gaba ɗaya ya tsaya.

Sai iyali, kuma a nan jarrabawar take. Iyali ba 'ya'yan cikinki kaɗai ba ne. Akwai 'ya'yan abokiyar zama. Akwai ɗan riƙo, akwai agola, akwai yarinyar da aka kawo daga ƙauye take miki wanke-wanke da ruwan da ke kanki ba za ki iya sa hannu a ciki ba. Akwai almajirin gida da yake sallama da kwanonsa tun gari bai gama wayewa ba, kunnuwa a waje, kai a aske. Yara su fito makaranta, uku da huluna masu launi, ɗaya da tsohon ɗankwali a naɗe, wallahi yaron nan ba zai manta ba ko ya yi furfura. Kuma tsofaffi: Baba da yake dogara sanda zuwa masallaci, da Hajiya Inna da take cewa ita ba ta jin sanyi don kada ta ɗora wa kowa nauyi. Jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar na matashi. Kar a jira sai sun nema.

Jariri kuwa nasa ya fi na kowa gaggawa. Kansa babba ne in an gwada da jikinsa, ɗumi yana saurin fita ta nan, shi ya sa ma'aikatan asibiti suke cewa a rufe kan sabon haihuwa, musamman bakwaini. Kewayen kan jariri yakan kai santimita 33 zuwa 35, na babban mutum kuwa wajen 55 zuwa 58. A auna kafin a fara, a ɗan rage kaɗan domin saƙa tana miƙewa. Mai kwarashi daga tsakiyar kai take farawa tana ƙara faɗi, mai tsinke biyu kuma galibi daga bakin hula take hawa tana ragewa, ko wanne kika iya ya yi. Dunƙulen ulu mai giram 100 yakan isa hular babba. Ta jariri a nemi zare mai laushi, kuma don Allah a bar dogayen igiyoyi da duwatsun ado da zai iya tsinkewa ya kai baki.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: tumakinmu, 'yankasa da uda da balami, masu gashi ne, ba su da sufin da ake kaɗa zare da shi. Yawancin ulun da muke saye a kasuwa na roba ne, a masana'anta ake yin sa. Yana da araha kuma yana wankuwa, amma in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Lokacin kasko ne da jin ɗumi a gindin murhu, a sa ido kan yara. Gawayi kuma kar a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Bayan iyali sai maƙwabta da ƙawaye. Kada ki ce ai hula ce kawai, kunya nake ji. Buhari da Muslim sun ruwaito Manzon Allah yana cewa: ya ku mata musulmi, kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne. Ya kuma ce ku riƙa yi wa juna kyauta, za ku so juna. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi da hannunta take aiki, tana jeme fata tana ɗinka ta, ta yi sadaka da abin da ta samu. Ita ce wadda Annabi ya nufa da ya ce wadda za ta fara riskarsa cikin matansa ita ce mafi tsawon hannu, wato mafi yawan sadaka, kuma ita ce ta fara rasuwa bayansa, a shekara ta 20 bayan hijira.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, gare ni da gare ku. Saƙa hannu take kamawa, ta bar harshe a sake. A taru a tsakar gida da rana ana shan hantsi, kwarashi yana tafiya, naman wance ma yana tafiya. Kafin a gama hula ɗaya an gama da gida uku. Suratul Hujurati, aya ta 12, ta kwatanta wannan da cin naman ɗan uwa matacce. Alhali babu aikin da ya dace da zikiri kamar wannan. Hannu ya riga ya san hanyarsa, sai harshe ya kama istigfari da salatin Annabi, ko a kunna karatu a waya ana saurare.

Sai gori. "Ni na rufa wa 'ya'yanta asiri bara, ko sannu ba ta ce min ba." "Hular da na yi wa Abba ban taɓa ganinta a kansa ba." Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 264, kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa. A Nahli kuma, aya ta 92, da yake gargaɗi kan warware alkawari, ya buga misali da matar da take warware zarenta bayan ya yi ƙarfi. Duk mai saƙa ta san abin da wannan yake nufi: aikin sati guda, a ja bakin zare sau ɗaya ya zube. Magana ɗaya ta gori haka take yi wa lada.

Zamani kuma ya kawo mana wani sabon salo. A saƙa huluna goma, a jera almajirai a ƙofar gida, a ce su ɗaga kai, a ɗauki hoto, kafin yaran su kai lungu ya hau Facebook da WhatsApp. Bayyana sadaka ba haramun ba ne, aya ta 271 a Baƙara ta ce abu ne mai kyau, amma ta ce ɓoyewa a ba matalauta shi ya fi alheri. In don zaburar da wasu ne, a ɗauki hoton hulunan, a bar fuskar ɗan mutane. Shi ma yana da uwa a wani gari, ba za ta so ta gan shi a haka ba. Wadda sana'arta ce take tallar kayanta, wannan daban, Allah ya kawo kasuwa.

Maza, ku ma ga naku. Hular sanyi ba ta ɗauke shafar kai. A mazhabar Malikiyya da muke bi, shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, ba wai a tura yatsa biyu ƙarƙashin hula a taɓa goshi ba. A cire, a shafa daga gaba zuwa ƙeya, a mayar. Muslim ya ruwaito cewa cika alwala a lokacin da rai ba ya so yana cikin abubuwan da Allah yake kankare zunubai da su, ya ɗaga darajoji. Ɗuma ruwan ma babu laifi. Sannan maigida, in an miƙo maka hular da aka yi dare ana saƙawa, ka sa ta, ka ce Allah ya yi albarka, gobe ka biyo da kuɗin zare ba sai an tambaya ba.

Wadda ba ta iya ba, ƙofa ba ta rufe ba. A kowace unguwa, daga Kurna zuwa Ɗorayi, akwai mai takaba ko marainiya da take cin abinci da kwarashi. Ki ba ta aikin hulunan gidanki da na waɗanda za ki ba kyauta, ki biya ta a kan lokaci. Kuma kada ki taya mata da farashin gwanjon Ƙofar Wambai, ki lissafa kuɗin zarenta da kwanakin da ta yi a zaune.