Jarin dubu 20 ba zai sauke farantin talla ba

Tun da aka sanar cewa gwamnatin Kano ta ware naira biliyan 2.5 domin auren gata a kasafin kuɗin 2025, musun da ake tafkawa a rediyo da Facebook bai wuce ɓangare biyu ba: masu cewa aikin lada ne da masu cewa almubazzaranci ne. Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Aure sunna ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin uwa ta kasa barci saboda biki ya matso babu ko katifa, ba zai raina gadon da aka ba 'yarta ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar da ake yi cikin alfahari a wajen bikin, wai an ba kowace amarya jari domin ta kama sana'a ta dogara da kanta.

A bikin watan Oktoban 2023, da aka ɗaura aure 1,800, kuɗin da aka amince a kashe naira miliyan 854 ne. Sadaki dubu 50, jarin kowace amarya dubu 20. Ku buga lissafin da kanku: jarin gaba ɗaya miliyan 36 ke nan, wato kusan kashi 4 cikin 100. Ko ba a faɗa da baki ba, wannan rabo ya nuna yadda masu mulki ke kallon mace: kashi 96 amarya, kashi 4 'yar kasuwa.

Kuma ba Kano kaɗai ba ce. A Jigawa an yi rabon awaki zamanin Badaru. Ko'ina ka je za ka tarar da ɗan majalisa ya tara mata a sakatariyar ƙaramar hukuma, an jera keken ɗinki da injin taliya da injin markaɗe, an ɗauki hoto, an watse. Wani lokacin a kulle su kwana uku ana koya musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, a gari ɗaya mace hamsin ta iya sabulun da babu mai saye. Tunanin da ke ƙarƙashin duk wannan ɗaya ne: matar karkara tana zaune ne hannu rabbana, sai ɗan birni ya zo ya koya mata neman kuɗi.

Wanda ya ƙirƙiro wannan tunani bai taɓa wuce zauren gidan ƙauye ba. Ya shiga Kura ko Garun Malam ko Bunkure, inda ruwan Tiga ya mayar da noman shinkafa sana'ar rani da damina, ya ga su wane ne ke turara ta. Mace za ta jiƙa shanshera ta kwana, da asuba ta ɗora rabin ganga a murhu, hayaƙi na cin idonta, ta sauke ta baza a rana tana juyawa tana korar kaji, sai ta bushe daidai yadda ba za ta karye a inji ba. Wannan ilimi ne, kuma ba a wani taron bita ta samo shi ba. Maƙwabciyarta tana soya gyaɗa, ta murje, a niƙo, ta matse mai, tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli. Wata daddawa, wata fura, wata ɗinkin hula, wata ta ɗaure rago tun bayan ƙaramar Sallah tana jiran layya. Uwar adashi kuwa tana riƙe da lissafin mata ashirin a ka, ba ta taɓa riƙe biro ba, kuma ba ta ɓata ko kwabo.

Ba sana'a suka rasa ba. Matsalarsu ita ce kaya yana cikin gida, mai saye yana waje, kuma ƙafar da ke haɗa su ta yarinya ce.

Ku tsaya a bakin kowace tasha ta ƙauye da ƙarfe bakwai na safe. Yarinya 'yar shekara tara ce za ta fara bayyana, bokitin ƙosai a ka, robar yaji a hannu. Ta zaga wajen mai shayi, ta zaga wajen masu faci, ta leƙa majalisar dattawa. Da hantsi ta koma gida ta juye wa Inna ciniki a tabarma, a ƙirga, a ɗora mata ɗan wake ko shinkafa da wake na rana. Da la'asar gyaɗa da awara. Lokacin makarantar boko, daga takwas zuwa azahar, shi ne daidai lokacin da ciniki ya fi tafiya. Ranar kasuwar gari kuwa, tambayi kowane malamin firamare ya gaya maka yadda layin 'yan mata ke zama wayam.

A nan ne masu “wayar da kai” suke ba ni haushi. Shekara da shekaru ana zama a otal-otal na birni, ana raba riguna masu rubutu da kuɗin mota, ana maimaita cewa iyayen karkara ba su san darajar ilimin 'ya mace ba. Sai a tura tawaga ƙauye ta yi wa mata wa'azi. Uwar nan za ta saurara cikin ladabi har a gama, sannan ta ce: “To Malam, na ji. Idan ta tafi makaranta wa zai kai min tallan? Kuma ranar da aka sa mata rana, kai za ka yi mata kayan ɗaki?” Daga nan bayani ya ƙare, sai a ce a yi addu'a a tashi. Lissafinta ya fi nasu. Ta san makarantar, ta ga ajin da yara fiye da ɗari ke zaune a ƙasa gaban malami ɗaya, ta ga 'yar maƙwabta da ta gama aji shida ba ta iya karanta takardar asibiti ba. Ta auna wannan da cinikin da ke shigowa kullum yamma, ta zaɓi abin da take gani a tafin hannunta. Kiran wannan jahilci rashin kunya ne.

Abin takaicin yana wajen inda kuɗin ke tafiya. A ƙauye nauyin kayan ɗaki mafi yawa a kan uwa yake, kuma mutuncinta a idon dangin miji yana rataye da abin da aka jera ranar jere. Saboda haka ribar talla asusu take shiga, daga asusu ta zama kwanuka da kuloli da zannuwa da gara. Yarinya ta yi shekara shida ko bakwai tana kasuwanci na gaske. Ta iya canji, ta san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ta san yadda ake karya farashi idan rana ta yi kaya bai ƙare ba. Ranar da aka kai ta ɗaki, duk wannan gumi ya koma kwanon da ke kwance a kabet, ba ya haihuwa. Idan auren ya mutu, ta dawo gida da tsofaffin kwanuka da goyo. Idan ya ɗore, ta jira 'yarta ta kai shekara bakwai ta ɗora mata faranti.

Dubi sa'anta namiji. Shi ma sau da yawa bai gama firamare ba, wani ma almajirci aka tura shi, ba na cewa gata ya samu. Amma wahalarsa tana da inda take kai shi. Ya zama yaron shago, ko ya bi kawunsa kasuwar Dawanau yana ɗinke buhu har ya san farashin riɗi da zoɓo, ko ya tafi ci-rani Legas ya dawo da babur. Wata rana ubangida ya sallame shi da jari. Yana da waya, yana da asusun banki, yana jin farashi ya motsa a Maigatari ko Gujungu kafin rana ta faɗi. Yara biyu, gida ɗaya, wayo ɗaya: nasa neman ya zama jari, nata ya zama ado.

Shi ya sa ribar aikin mata a hannun maza take ƙarewa. Zoɓon da ake lodawa zuwa ƙasashen waje, mata ne ke tsinke shi su gyara, amma je ka ƙirga mata nawa ne masu sito a Dawanau. Mai turara shinkafa ba ta ganin mai saye. Dillali ne ke zuwa ƙofar gida ya faɗi farashi ta bakin yaro, ta karɓa don ba ta da inda za ta ji wani. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, ɗan kasuwa ya koma karɓa ta waya, ita kuwa da ba ta da asusu, ba ta kuma iya karanta saƙon banki, kayanta ya kwana ya lalace.

Masu cewa a haramta talla a kama iyaye, an bar jaki ana dukan taiki. Masu zuwa daga Abuja su ce kulle ne matsalar a rushe shi, su fara gwada faɗin haka a zauren mai gari mu gani. Waɗanda suka fi ci min rai su ne 'yan uwana maza masu ɗaga murya cewa ciyarwa ta miji ce, mace ba ruwanta da nema. A shari'a haka ne, babu musu. A gidaje da yawa kuwa abin da ake yi daban ne: maigida ya ɗebo hatsi daga rumbu ya ajiye, bayan kaka ya rataya jaka ya tafi ci-rani. Kuɗin niƙa, kayan miya, sabulu, maganin zazzaɓin yaro, duk daga ƙosan nan suke fita. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 abin ya ƙara tsananta. Mutumin da ke cin tuwo da miyar da tallan 'yarsa ya saya ba shi da bakin yi wa kowa wa'azi a kan wajibin miji.

Gwamnatoci ba su rasa dokoki ba. Tun 2004 dokar ƙasa ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. Ganduje ya ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata, ya fara a 2020 da dala miliyan 500, Kano tana cikin jihohi bakwai na farko, Jigawa ta shigo bayan an ƙara dala miliyan 700 a 2023. Ana gina azuzuwa da banɗakuna, kuma ana buƙatarsu, musamman idan aka tuna cewa bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 an rufe makarantun kwana da dama a Kano, waɗanda su ne kaɗai hanyar sakandare ga 'yar ƙauyen da babu ta je-ka-ka-dawo kusa da ita. Amma gini ba ya kai ƙosai tasha. Ko tallafin kuɗin da ake ba iyaye lokaci-lokaci yake zuwa, cefane kuwa kullum ne.

Ba na mamakin yadda wannan magana ba ta shiga kasafin kuɗi. Majalisar dokokin Kano tana da kujeru 40, ta Jigawa 30, kuma zaɓen 2023 bai kawo mace ko ɗaya cikinsu ba. Ranar zaɓe layin mata ne ya fi tsawo, a sallame su da taliya da atamfa, sannan maza 70 su zauna su yanke abin da mata ke buƙata. Dole su yanke keken ɗinki, shi ne ke fitowa a hoto.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A sama wa kayan uwa hanyar isa ga mai saye ba da kan yarinya ba. Dillaliya daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Hausa: a ba dattijan mata da zawarawa jari da rumfa a bakin kasuwa su riƙa kwashe kayan gidaje. Idan za a ciyar da ɗalibai, kamar yadda gwamnatin tarayya ta fara a 2016, a sayi abincin daga iyayen yaran garin, da sharaɗin 'yar tana aji. A buɗe wa mata ajin yaƙi da jahilci da zai koya musu karanta lamba da saƙon waya, ba haɗa sabulu ba.

Sai kuma jarin da ba ya buƙatar kasafin kowa, wanda kowa ke kawar da kai daga gare shi. Aya ta 7 da ta 11 a Suratun Nisa'i sun yanka wa mace rabonta na gado, kuma gona tana cikin abin da ake gada. Amma a ƙauyuka nawa ne mace ke riƙe da gonar ubanta? Da an share makoki sai Yaya ya kira ta gefe: “Ƙanwata, ki bar ta a hannuna, ai ba za ki iya noma ba, duk kaka zan auna miki naki.” Shekarar farko buhu, ta biyu 'yan kwanuka, ta biyar sai gaisuwa. Idan ta yi magana a ce tana son raba zumunci. Gonar da za ta iya bayarwa haya, ko ta sa a noma mata riɗi, ko ta sayar ta sayi injin casar kanta, ta narke cikin dukiyar ɗan uwanta. Hisbah tana da ofis a ƙananan hukumomi 44 na Kano, kuma ta nuna ta iya tantance dubban masu neman aure, har da gwajin asibiti. Ta ajiye tebur ɗaya a kowane ofis na karɓar ƙorafin gadon mata, hakimai da dagatai su sa hannu, a fara kiran masu riƙe da gonaki ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga waɗanda za a fara aika wa sammaci a sahun gaba suke sallah.